Rufin Firenze a Tafin Hannu

Shekara arba'in da ɗaya ina bisa rufin Firenze,
ni Gualtiero, mai toshe inda ruwa ya sami kafa.
Na san jan tayil da ke ƙara in an taka shi,
na san mai shiru, wanda sai ka yarda da shi ya ci amana.

Wata Lahadi ɗana Duccio ya shigo da baƙin akwati,
ya jona da talabijin, ya ce, Baba, zauna ka ga gida.
Garinmu ne, an ja shi baya shekara ɗari biyar.
Ba mota, ba wayar lantarki,
kogin Arno na wucewa, ba mai ɗaukarsa hoto.
Sai ga wani mai sanɗa, kamar wanda ake bi bashi,
ya saje da masu jima a bakin kasuwa,
ya bar masu gadi suna zare wa iska ido,
ya kama bango, ya haye,
ya zuba a guje bisa rufin mutane.

Na miƙe tsaye. Na ce, kai! Wa zai biya?
Kowane taku nasa tayil uku ne, in an yi sa'a!
Duccio ya yi dariya har abin dannawa ya faɗi.

Daga nan wasan ya yi ta haihuwa.
Na biyu ya tafi wani birni, na gaba ya hau teku,
wani ya nutsa zamanin da ban san sunansa ba.
Akwatin ya tsufa, aka sayi ƙanensa.
Ƙanen ya ƙi karɓar faifan wansa,
aka koma kwamfuta, aka sake biya.
Duccio ma ya koma Torino da aiki,
ɗakin ya yi tsit, sai ƙura a kan wayoyi.

Ni kuwa tsani ya juya mini baya a San Frediano.
Gwiwa ta tafi. Likita ta ce, kai da sama sai kallo.
Shekara shida ina ganin tattabaru daga ƙasa
kamar kowane baƙo mai taswira.

Jiya jikata Nives ta zo hutu.
Ta ce, Kaka, an sake fito da tsohon nan,
an wanke masa launi, yanzu a waya yake.
Birnin da ya ci mini gwiwa
ga shi kwance a hannun yarinya, bai kai biredi nauyi ba.

Yatsuna sun yi kauri, sun saba da guduma.
Sau tara ina faɗowa, sau tara ina tashi ba karaya.
A na goma na kai tsauni.
Ban yi gudu ba.
Na sa ƙafa inda tayil ya hau ɗan'uwansa,
yadda maigidana ya koya mini da mari a ƙeya.
Ga ƙubba can, rana na zuba mata ja.

Nives ta ce, akwai wanda za ka kashe a ƙasa, yana jira.
Na ce, ya jira. Wanda ya yi ɗari biyar, me yini zai yi masa?

Kusa da Santo Spirito na ga aikin ganganci:
layi guda an jera shi a kife, baki sama.
Da a duniya ne, ruwan farko zai kwana a gadon mai gida.
Amma can ba ya yoyo. Can ba wanda ke kirana.

Ina tsugune ina dubawa caji ya ƙare.
Gilashin ya yi baƙi, ya nuna mini tsoho da tabarau,
bayansa kuma silin ɗakina,
da tabon danshin da na yi wata uku ina cewa ban gani ba.