Rabin Kuloci

Karo na uku ke nan cikin shekara biyu
Baldomero ya gangaro mini da 'yar motarsa,
ƙauri na bin ta kamar an manta tukunya a wuta.
Tun daga kwana na jiyo ta:
inji na kururuwa, taya na rarrafe.

Valparaiso ba ta san miƙaƙƙen titi ba.
Gidaje sun ɗafe tsauni kamar kaska a kunnen kare,
hanya ko ta hau, ko ta faɗa teku.
Na sani, nan aka yanke mini cibi.
Amma motar burodin Nibaldo tudun nan take hawa kowace asuba,
faifanta shekara tara bai ce uffan ba.

Muka sauke giyabos, ni da yarona.
Na ɗaga faifan ga hasken taga:
ya suɗe har ƙusoshi sun leƙo,
ƙarfen ya yi shuɗi-shuɗi don azabar zafi.
Mai mota ya rantse ya maya,
faifai kuwa sawun ƙafa yake nunawa.

Na ce, "Kana jingine ƙafar hagu a kai in kana tafiya?"
Ya ce a'a.
"Kana tashi da giya ta biyu don ƙyuya?"
A'a.
"A danja fa, kana danne shi har kore ta kawo?"
Ya ce shekara talatin yana riƙe da sitiyari,
kada in raina masa hankali.

To. Na ɗaura sabo.
Na ce, mu je gwaji, kai za ka ja.

Tuƙi tsaf, ba abin kushewa.
Ya taka, ya sauya, ya ɗauke ƙafa ɗungurungum.
Har na fara zagin mai sayar da kaya a zuciyata.

Sai muka hau Cerro Cordillera.
Wani lungu mai tsayin tsani,
gidan kwano ruwan ɗorawa, ƙofa kore.
Nan ya rage gudu.
Bai taka birki ba.
Bai ja na hannu ba.
Rabin kuloci, ɗan totur kaɗan,
mota ta rataye tana makyarkyata
kamar mai zazzaɓi,
idonsa na can sama, kan igiyar shanya,
inda safar jariri ke lilo a iskar teku.

Minti ɗaya. Biyu.
Kuɗinsa na ƙonewa a ƙarƙashin kujerata, ina jin warinsu.

Na ce, "Gidan wa?"
Ya ce, "Leontina. 'Yata."
Bara waccan, a kan abincin dare,
ya faɗi abin da ya faɗa.
Magana zarar bunu ce.
Ta haihu tun bara; safa kawai ya sani.
Kowace yamma yana nan.

"In na ja birkin hannu, na tsaya ke nan,
sai in fita, in ƙwanƙwasa.
In na saki ƙafa, na wuce ke nan."

Ni ba limamin coci ba ne, ƙarfe na sani.
Faifai aikinsa biyu: ya kama, ko ya saki.
Tsakiyar nan ce ke cinye shi.

Na miƙa hannu na ja birkin, ƙarrr,
na mayar da giya firi, na murɗe makulli.
Shiru ya sauka.
Can ƙasa wani jirgin ruwa ya yi gyaran murya.
Ya ɗauke ƙafar hagun a hankali,
tana rawa, kamar ba tasa ba.

Na fita na bi matakala,
ɗari da sittin da wani abu har bakin gareji,
ban waiwaya ba.

Wata goma sha huɗu yau.
Tsohon faifan na rataye a ƙusa, kusa da kalanda.
Baldomero bai dawo ba.
Yarona ya ce ƙila ya sake gareji ne.
Na ce ƙila.
Miƙo mini sifana goma sha uku.