Layi na Shida

Ƙarfe goma sha ɗaya na dare a Rafil,
ruwa na dukan kwano kamar mai bin bashi.
Na ja bargo har wuya, na buɗe kwamfuta,
cajinta saura kashi ashirin da uku.

Shekara biyu ke nan da ɗora kundin a kan sarƙa:
kududdufai tamanin da huɗu da haƙar kuza ta bari
daga Bukuru har Barikin Ladi,
zurfin kowanne, launin ruwansa,
wanda ake ban-ruwan dankali da shi,
wanda ya ci saniya, wanda ya ci yaro.
Lissafin yana nan lafiya, ba shi na zo taɓawa ba.
Goshinsa na zo gyarawa,
'yan layukan nan da ke tarbar baƙo
su ce masa ga abin da ke ciki, ga ranar, ga mai aikin.

A layi na shida, da yatsuna na rubuta:
Mai aunawa, ba a sani ba.

Ƙarya ce. Na sani.
Sauri nake, ban iya harufan sunansa ba,
na kuma ji nauyin tambaya.

Baba Dalyop.
Igiyar guga da ƙulli a kowace gaba,
tsohon ƙarfen birki ɗaure a bakinta.
Yakan hau tsohuwar tubar tirela ya tura tsakiya,
yana sakin igiya yana ƙirge da Birom,
ya waiwayo ya faɗa mini da Hausa.
Ni ina tudu da biro,
takalmina ko laima bai yi ba.
"Wannan kar ka yarda da shi," in ji shi,
"fuska shuɗiya, ciki gaba goma sha tara."

Ranar Talata 'yarsa Kangyang ta buga mini waya.
An binne shi a Du, bayan coci.
Na ce ta turo mini sunan, harafi bayan harafi.
Ta turo. Ta ƙara da cewa: me za a yi da shi yanzu?

Ga ni ina yi.
Dalyop Chuwang Mancha.
Kayan aiki, igiya da ƙarfe.
Na karanta sau uku, na jawo makullina, na sa hannu.
Sarƙa ta cire ladanta,
bai kai kuɗin shayi da burodi a Taminus ba.
Ɗan zobe yana ta juyawa a allon.
Wuta ta ɗauke, firij ya yi tsit.
Zoben ya juya, ya juya,
sai ya tsaya. An karɓa.

Amma sarƙa ba ta san gogewa ba, ƙari ta sani.
Magana zarar bunu.
Sabon goshi ya hau sama,
tsohon na nan ƙarƙashi, da ranarsa da sa'arsa,
da sa hannuna.
Injuna a garuruwan da ban taɓa takawa ba
sun riƙe duka biyun, ba su zaɓi ɗaya ba.
Duk wanda ya saki igiya zai taɓo
"ba a sani ba" kwance a ƙasa.

Da fari na ji haushi.
Sai na tuna kududdufan.
Ruwa ya rufe ramin, agwagi na wanka,
masu kabeji na jan tiyo,
ramin kuwa bai tafi ko'ina ba.
Bari ta zauna.
Kunyar tawa ce, ni ya kamata ta yi wa shaida.

Na tura wa Kangyang. Caji kashi huɗu. Na kwanta.

Da asuba saƙonta ya riga ni tashi:
"Mun gani. Mama ta sa na karanta mata sau biyu.
Amma ta ce kullum yana faɗa
tamanin da biyar ne.
Akwai ɗaya bayan Gyel, ranar ruwa ya kore ku.
Igiyar na nan rataye a rumbu."