Mai Naɗin Waya a Atbara

A Atbara, inda kogin damina ke zuba cikin Nilu,
bayan tashar jirgin ƙasa akwai rumfar kwano.
Nan Usta Haliru ya tsayar da ni gaban benci
ina ɗan shekara goma sha huɗu.
Ya ce, "Buɗe cikinsa. Ba ya cizo sai an jona shi."

Na kwance noti takwas.
Gangar ƙarfe ce, ta fi turmi nauyi,
a bangonta harsuna huɗu naɗe da waya:
arewa, kudu, arewa, kudu.
"Waɗannan ba sa motsi," in ji shi.
"Su ci wuta, su zama maganaɗisu,
su zauna kamar dattawan bakin masallaci.
Daga zaune suke ja."

A tsakiya amaca take, mai juyi.
Na zaci dunƙule ce, ashe falle-falle ne,
sirara kamar kisirar da Hajja Sittana ke gasawa a ƙofar tasha,
an jera, an matse, kowane falle da fentinsa,
don kada wuta ta yi ta gewaye cikin naman ƙarfe
tana dafa shi a banza.

Shekara biyu ina kwantar da jar waya a kwarinta.
Zagaye sha bakwai. Ba sha takwas ba.
Ran da na ƙara ɗaya bai yi faɗa ba,
shayinsa ya sha, ya miƙo mini almakashi.

A wuyanta akwai zoben jan ƙarfe,
yanki-yanki, da siririn shamaki tsakanin kowane da ɗan'uwansa.
Gawayi na danne a kai, sifirin na tura shi.
Ta nan wuta ke shiga.
Gawayi ne ke cinyewa, zobe ya zauna lafiya;
mai arha aka sa ya mutu don mai tsada.

Na tambaye shi me ke juya ta.
Ya ce, "Waya mai ɗauke da wuta,
in ta gitta gaban maganaɗisu, ture ta ake yi gefe.
Kudu na kiranta, ta taho da gudu.
Da an bar ta, da ta isa ta tsaya cak.
To, tana dab da isa
sai yankin zobe ya zame daga ƙarƙashin gawayi,
wani ya shigo, wuta ta juya mata baya,
wanda ya kira ta shi ke korarta.
Batir bai sauya magana ba, zobe ne ke sauya ta."

Ya yi shiru. Sannan ya ce kakansa
daga Haɗeja ya taso da ƙafa, Makka za shi,
auduga ta riƙe shi a Jazira shekara tara,
layin dogo ya riƙe sauran.
"Kullum baɗi," ya yi dariya. "Miƙo sifana."

Wata rana aka kawo wani ya ƙone ƙurmus,
warin fenti har titi.
Kaya suka danne shi, ya kasa juyawa.
"In tana gudu, ita ma wuta take haifa,
mai tokare wadda ke shigowa.
In ta tsaya, babu mai tokarewa,
sai ta sha har ta mutu.
Irin na jirgi kuma, ka raba shi da kaya, ya haukace,
ya yi ta gudu har ya watsa hanjinsa."

Yanzu hannunsa na rawa, ni ke naɗi.
Shi kunne yake kasawa, ya ce boris ya kusa.

Daren jiya an ɗauke wuta.
Ya lalubo ƙaramin inji mai maganaɗisun dindindin,
ya ɗaura ƙwan tocila a wayoyinsa biyu,
ya ce, "Murza."
Na murza sandar da tafin hannu.
Ƙwai ya yi ja, ya yi fari,
na ga fuskarsa da baƙin mai a goshi.
Hannuna ya gaji.
Ya ce, "Kada ka tsaya, ban ga takalmina ba tukuna."