Siririyar Tsamiya

A bakin Rima, inda Jaɓɓi ke kasa dashe,
kowa mai kauri yake nema,
mai gindi kamar turmi, mai ganye cunkus.
Ni na tsallake sahu, na tsuguna a ƙurya,
inda wata tsamiya ta tashi a inuwar katanga,
ta miƙe neman rana har ta rame,
ta karkace sau biyu, ba ta fasa ba.

Jaɓɓi ya ce, "Ladan, mi za ka yi da wagga?
Ko akuya ba ta ɗaga kai ta dube ta."
Na ce a ɗaure min.
Ya ƙi karɓar ko sisi.

Kasko na samo wurin maginan Rumbukawa,
marar zurfi, na huda shi da ƙusa.
Yashin gulbi, garin gawayi, ƙasar shuri tafi guda.
Na datse saiwar da ke son zurfi.

Rassa tara gare ta. Kwana huɗu ina zagaya ta
da almakashi a aljihu, na kasa.
Ran na biyar, bayan asuba, na sare shida.
Ukun da suka rage suna can ƙoli,
sai dogon wuya, tsirara,
da sararin da ido zai bi ya hau.

Shekara talatin ina naɗin fanka,
wayar tagulla ta san yatsuna.
Na naɗe ta daga gindi, a hankali,
ban miƙar da karkatar ba,
bin ta na yi, na ɗan ƙara mata.
Ita ta fara maganar, ni amshi na yi.

Bazara ta zo, kwalta na narkewa a Mabera,
ina jan kaskon daga inuwa zuwa inuwa,
ruwan randa, moɗa ɗaya, safe da la'asar.

Sai damina ta kwantar da ni.
Mako bakwai a gadon asibiti,
ba wanda ya san ana kwance waya.
Na dawo na tarar ta nutse cikin ɓawo.
Na warware ta hannuna na rawa,
tabo ya zagaye jikin, daga ƙasa har wuya.

Na zauna na yi shiru.

Jikata Tumba ta leƙo ta bayan kafaɗata,
ta shafa tabon, ta shafa kuncina,
ta ce, "Kaka, ashe ita ma Bagobira ce."

Da yamma ganyenta suka rufe, kamar kullum.
Na zuba mata moɗarta.