Lissafin Murjanatu

Kwana uku takardar na ƙarƙashin farantin shayi,
har gindin kofi ya yi wa sunana zobe.
Kalambaina ke kira: babbar akanta,
albashi ninki uku, da motar ma'aikata
ƙarfe shida da rabi, kafin kunu ya huce.
Lokacin dawowa, takardar ta yi shiru.
Luba ce ta faɗa mini: bayan isha'i,
in ƙarshen wata ne kuwa, sai yadda hali ya yi.

Yanzu littattafan mutum huɗu nake riƙewa.
Alhaji Ɗan'ige mai albasa,
da ke rubuta bashin dubu ɗari a bayan kwalin ashana;
kantin magani a Mabera;
wata makarantar kuɗi a Arkilla
mai biyana in iyaye sun biya;
sai dillalin fata, da ba ya ce mini "ɗiyata"
sai ranar da zai rage mini kuɗi.
Ƙarfe ɗaya na rufe kwamfuta.
Ɗaya da rabi ina ƙofar makaranta,
Ikilima na fitowa, takalmi ɗaya a hannu,
bakinta cike da wa ya ciji wa.
Labarin yaro ƙosai ne, da zafinsa ake ci.
Ba ya kai isha'i.

Amma kada in yi wa kaina ƙarya,
ba kuɗin kaɗai ba ne.
Ni na zo ta ɗaya a ajinmu.
Yaron da na koya wa daidaita shafi a ƙarƙashin dogon yaro
yau sai an cika takarda kafin a gan shi.
Ina son lissafin da zai sa ni gumi.
Ina son ƙofa mai sunana,
in ce "a'a" a taro, a rubuta.
Kaina wuƙa ce, shekara bakwai tana yankan kuɓewa.

Malami ya ce, duk wanda kika zaɓa ina bayanki.
Baya wuri ne mai inuwa.
Na ce, wa zai ɗauko yara?
Ya ce, za a san yadda za a yi.
Na daɗe da sanin Za'a:
ba shi da babur, bai san ajin Bashar ba,
bai taɓa tashi ƙarfe ukun dare neman maganin shaƙa ba.

Na kai wa Inno maganar a Gwiwa.
"Mi kika nema, ke ɗiyag ga, da ba ki samu ba?"
Ta ci gaba da tsince shinkafa.
Sai da na ɗauki mayafi ta ce, ba ta ɗago ba,
an taɓa kiranta koyon ungozoma, ina goye.
Takardar ta zauna a ƙasan kwalla
har gara ta karanta ta.
Ban san ko gargaɗi ta ba ni ko izini ba.

Da dare aka ɗauke wuta, zafi ya zauna a ƙirji.
Na ja layi a tsakiyar shafi, kamar yadda aka koya mini.
Dama: haya, maganin Bashar, fili a Kwannawa, fansho.
Hagu: takalmi ɗaya a hannu.
Sana'ata ta ce gefen biyu dole su yi daidai.
Wanda ya kafa dokar nan bai yi goyo ba.

Da safe na buga musu waya.
Na ce zan zo, in tashi ƙarfe huɗu,
su yanke abin da za su yanke, sauran in ƙarasa a gida.
Mutumin ya yi dariya.
Da ya ji ban taya shi ba, ya ce bari ya tambaya.

Na goge atamfar da zan sa, na rataye.
Na kuma karɓi sabon kwalin ashana daga Ɗan'ige.
Ga ni a ƙofar makaranta, rana tsaka,
waya a tafin hannu, fuskarta sama.
An kaɗa ƙararrawa.