Guzurin Ƙwai

Ƙarfe biyun dare a Gyaɗi-Gyaɗi.
An ɗauke wuta, janareta ya yi tari ya kama.
Daga ni sai firji mai gurnani
da faranti guda na ƙwayayen ɓera,
kowanne bai kai tsinin allura ba.

Na kafa ido a madubi.
Ga ɗaya nan, kewayayye, ya yi lamo,
ƙananan ƙwayoyi sun yi masa dafifi
kamar 'yan rakiya a tashar Unguwa Uku.
Ba jijiya, ba zuciya,
ba jinin da sauro zai lasa.
To me himogulobin ya zo nema a nan?

Mu dai a aji ɗan dako aka ce mana shi ne,
jini ne layinsa:
ya ɗauko iska a huhu, ya sauke a diddige,
ya juyo ba ko sisin lada.
Ba wanda ya ce yana kwana a gidan da ba a gina ba.

Sagir ya ce hannuna ne,
wai jini ya fantsama ban wanke ba.
Na wanke sau uku.
Na huɗun don haushi na yi shi.
Alamar tana nan daram.

Babana rodi yake sayarwa a Ƙofar Ruwa.
Tafinsa ja, sabulu ya gaji ya bar shi.
Yakan ce, ƙarfe da iska
ba sa haɗuwa su rabu ba shaida.
Sai da na girma na gane
tsatsar hannunsa da jan jinina dangi ne,
kuma ƙarfen da yake aunawa a sikeli
yana da ƙane a cikin wannan ɗigo.

Wataƙila guzuri ne
da uwa ke ƙulle wa a bakin zane,
don hanyar mahaifa da duhu, iskarta kaɗan.
Wataƙila maigadi ne,
tunda iskar ma in ta yi yawa ƙuna take,
sai ya tare a zaure, ya shigar da cokali guda.
Ko kuwa wani aiki ne daban
da ban san sunan da zan tambaye shi da shi ba.

Abin da ya hana ni tashi:
wanda ya nuna a jikin uwa yana ɗauke da shi,
wanda na rena a faranti,
da ɗumi daidai, da abinci a aune,
hannu rabbana ya fito.

Barira ta sayar da filinta na Ɗorayi,
sau biyu ana yi mata dashe.
Ranar Juma'a ta riƙe min mayafi a bakin famfo:
ke da kike ganinsu, me ya rage?
Na ce ɓeraye nake dubawa.
Ta ce ai su suna haihuwa.

An kira assalatu.
Adaidaita ta farko ta wuce da karan ƙarfenta.
Na rufe farantin, na buɗe littafi,
na rubuta kwanan wata,
a ƙasa na sa wataƙila,
na ja mata layi biyu.