Farin da Ake Bari a Ido

Idan kuran ya tafi a shagon fotokopi,
inji ya yi shiru, Tawa ta ɗau zafi,
sai in jawo takardun da suka ɓaci
in kifa su. Bayansu fari ne, ba mai shi.

Mantau, matso da benci.
Kowa da ido yake son farawa,
shi ya sa fuskar ke karkacewa
kamar hular ɗan kabu-kabu.
Fara da da'ira, hannu sakwa-sakwa,
kada takarda ta san ka taɓa ta.
Layi ɗaya a tsaye, ɗaya a gicciye,
ƙasa da tsakiya kaɗan, nan idanu za su zauna.
Haɓa siririya. Hanci kuwa ɗigo ya isa,
mutanen nan ba su cika shaƙar iska ba.

Shekara biyu na yi ina shimfiɗa takarda kan gilashin waya,
ina bin layin wani a Japan da bai san da ni ba.
Yana fitowa daidai, har ƙawaye su yi ta rantsuwa.
Ran da Habsu ta ce juya mana kansa ya dubi hagu,
hannuna ya toge kamar jaki a bakin gada.
Kayan aro, ka sani, ba ya rufe katara.

Yanzu jarumin nasu ne, tsayuwar tawa ce.
Na sauko da shi daga saman bene
na zaunar da shi kan buhun albasar Galmi,
takobi a cinya, takalmi ɗaya ya tsinke,
yana jiran motar Konni kamar kowa.

Gashi ba sili-sili ake yi ba.
Nemi tsakar kai tukuna, daga nan yake tashi,
dami-dami, kowane da inda ya nufa,
wani dogo, wani ya ƙi kwanciya.

Hannu ne ya wahalshe ni.
Na cusa su a aljihu, na ɓoye su bayan riga,
har Alzuma mai shayi ya leƙo ya ce,
wai duk sata suka yi ne a ƙasar tasu?
Yammaci uku na zauna gaban teburinsa
ina zana shi yana ɗaga buta.
Tafi akwati ne ashe,
yatsu huɗu ƴan ɗaki ɗaya,
babban yatsa maƙwabci ne da ya ware gidansa.

In ka gama, kada ka yarda da idonka.
Ɗaga takardar a bakin ƙofa, dube ta ta baya,
rana ba ta jin kunyar kowa:
za ta nuna maka kunnen da ya hau,
da kafaɗar da ta faɗi.

Kwalin kala sha biyu, ruwan ƙasan ya ƙare tun bara,
ni kuma fatarmu nake so a jikinsa.
Na karɓo kofi na dala biyar, na dama,
shafi uku, kowane sai ya bushe.
Ya yi kyau har na kasa barci.
Da safe tururuwa sun cinye masa rabin kumatu,
Alzuma ya sa sukari bai faɗa mini ba.

To, ga ido, tunda shi kake jira.
Fatar sama mai kauri, ta ƙasa da ƙyar.
Duhu daga sama, yana sassautawa in ya sauko.
Sai wani ɗan wuri can gefe
da ba ka taɓawa sam.
Ba fenti ba ne, takardar ce da kanta.
In ka cike shi, yaron ya mutu yana kallonka.

Ka ji? Inji ya yi tari, kuran ya dawo.
Ga tsohuwa can da takardar haihuwar jikanta.
Riƙe fensirin. Kada ka danna.